Zuwa ga Firimiyan Ontariyo: Kogin Wabigoon Ba Zai Warke da Kansa Ba

Mai Girma Doug Ford,
Firimiyan Lardin Ontariyo,
Queen's Park, Toronto.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni Bahaushe ne mazaunin lardinka, mai biyan haraji kamar kowa, kuma maganar da ta kawo ni ita ce kifin kogin Wabigoon da kogin English, da mutanen Grassy Narrows da Wabaseemoong, al'ummomi biyu na 'yan asalin ƙasar, da ke cinsa. Da Hausa na rubuta, na kuma baza ta a fili, don ina so 'yan'uwana na nan Kanada da na gida su karanta tare da kai. Ofis irin naka ba ya rasa tafinta.

A watan Mayun 2024 Farfesa Brian Branfireun na Jami'ar Western ya fitar da sakamakon wani bincike a kan ruwan da masana'antar takarda ta garin Dryden ke zubarwa cikin Wabigoon. Ruwan na yau ba shi ne ke kawo zaiba, wato makuri, ba. Abin da ke cikinsa shi ne sinadarin salfet da narkakkun ragowar itace, waɗanda su ne abincin wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin lakar gindin kogi. Idan waɗannan ƙwayoyi suka ƙoshi, sai su mai da tsohuwar zaibar da ke kwance a lakar ta koma metilmakuri, nau'in da ke shiga naman kifi ya zauna. Masu binciken sun nuna cewa gubar da ke jikin kifin na iya kai ninki biyu na abin da za ta kasance da a ce ba a zuba wannan ruwa. Ruwan kuwa da izinin lardi yake fita, ma'aikatar muhalli da ke ƙarƙashinka ce ke riƙe da takardar. Shi ya sa na nufo ka kai tsaye ban nufi gwamnatin tarayya da ke Ottawa ba, duk da cewa su ma suna da nasu kason.

Na san ka san tarihin, amma masu karatu da yawa ba su sani ba, don haka ka yi haƙuri in ɗan maimaita. Tsakanin 1962 da 1970 wani sashe na masana'antar Dryden, wanda ke haɗa kulorin ɗin da ake faranta takarda da shi, ya zuba wajen kilo 9,000 na zaiba cikin kogin. Kamfanin Reed ne ke da wurin a lokacin. Gubar ta bi ruwa ta gangara kimanin kilomita 250, ta ratsa tafkin Clay, ta shiga kogin English, ta isa ƙasar Anishinaabe, ƙabilar waɗannan al'ummomi biyu, waɗanda kifi ne abincinsu kuma shi ne sana'arsu. A 1970 lardi ya hana zubar, ya kuma haramta sun kasuwanci a kogin. Masu kama kifi su sayar suka wayi gari ba aiki. Waɗanda ke raka baƙi masu kamun kifin nishaɗi, yawancinsu daga Amurka, su ma da yawa suka rasa abin yi, don babban masaukin baƙi na tafkin Ball ya rufe a wannan shekarar. Su waɗannan 'yan rakiya kullum rana ta Allah sai sun soya kifi a bakin ruwa sun ci da baƙinsu, su kuma kai saura gida wa iyali. Baƙo ya ci na mako guda ya koma garinsu. Ɗan rakiya ya ci na shekara da shekaru. Abin da lardi ya yi wa sauran masu zuwa shi ne kafa alluna a bakin ruwa masu cewa a kama kifi don wasa kawai.

Akwai abin da ya sa zaiba ta fi ta'adi a ruwayen arewa masu sanyi, kuma a nan nake so in daɗe, domin duk kuskuren da aka yi shekara 50 daga rashin ɗaukar wannan da muhimmanci ya taso.

Zaiba ba ta ruɓewa. Ba wani abu ba ne da rana ko ruwa za su cinye, sai dai ta sauya kama ko ta sauya wuri. Wadda ke kwance a laka ba ta cika shiga jikin kifi ba sai bakteriya sun sarrafa ta, su kuwa sun fi son wurin da babu iskar shaƙa, ga ruɓaɓɓen ganye, ga salfet. Arewacin Ontariyo cike yake da irin waɗannan wurare: fadamun da ganye da gansakuka suka taru suka jiƙe tun dubban shekaru, da tafkuna masu ruwa ja kamar shayi. Wannan jan ruwa shi ke ɗauko zaiba daga ƙasa ya kai ta tafki, kuma shi ke tare hasken rana, alhali hasken rana na daga cikin 'yan abubuwan da ke wargaza metilmakuri a saman ruwa. Sai kuma ƙanƙara ta zo ta rufe tafkin wata da watanni. Daga nan sai hawa-hawa. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙwari su ci su, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manyan kifaye masu farauta irin su wolai da faik su ci ƙananan. A kowane mataki gubar na ƙara kauri, har ta kai naman babban kifi na iya ɗauke da ninki miliyan na abin da ke cikin ruwan da yake iyo a ciki. Ruwan kansa ka iya ɗiba ka gan shi garau.

Sanyi kuma na ƙara nasa. Lokacin ɗumi gajere ne a can, kifi ba ya saurin girma, kuma yana daɗewa a duniya. Kifin da ya yi saurin girma yakan tsarma gubarsa cikin sabon nama. Na arewa ba ya samun wannan sauƙi. Idan ka ajiye wolai biyu masu tsawo ɗaya, na kudu da na arewa, na arewan ya girmi ɗayan da shekaru, kuma duk waɗannan shekaru tarawa yake yi. Babban kifin da kowane masunci ke alfahari da shi shi ne mafi haɗari a kwando.

Ga wani abin da mata a gida za su so su sani: wanki ba ya fitar da ita, haka ma suya, ko banda, ko daskarewa a firiza. Yanke kitse ba ya taimakawa, don a tsoka take maƙalewa. Ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano. Idan ta shiga jikin mutum tana ratsawa har ƙwaƙwalwa, tana kuma ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki. Alamunta su ne mutuwar yatsun hannu da ƙafa da gefen baki, rawar jiki, tangaɗi wajen tafiya, nauyin harshe, raguwar ji, da ganin da ke ƙuntata har mutum ya riƙa ganin abin da ke gabansa kawai ba ya ganin gefe. (Ga 'yan'uwana da suka koyi zuwa kamun kifi da bazara a nan: lardi na da jagorar cin kifi mai bayani a kan sama da wurare 2,000, da iyaka ta daban ga matan da ke shekarun haihuwa da yara 'yan ƙasa da 15. A duba ta kafin a ɗora tukunyar farfesu.)

Yanzu mu zo ga shawarar da ta kawo mu inda muke. A farkon shekarun 1980 masana na gwamnatin tarayya da na lardi sun yi nazarin kogin, suka ce ana iya gyara shi, har suka kawo hanya, wato a rufe gurɓatacciyar lakar da tsaftataccen yumɓu. Gwamnatin lokacin ta zaɓi a bar kogin ya farfaɗo da kansa. Da farko kamar abin zai yiwu, don gubar kifin ta yi ƙasa sosai bayan hana zubar. Daga baya sai ta tsaya cak. A 2016 John Rudd, wanda yana cikin masanan farko, ya jagoranci wani rahoto da ya nuna cewa a wasu sassan kogin, har da tafkin Clay, an shekara kusan 30 gubar kifin ba ta ƙara sauka ba, kuma hakan alama ce ta cewa har yanzu akwai inda take ɓulɓulowa. A wannan shekarar wani tsohon ma'aikacin masana'antar ya fito ya ce a 1972 yana cikin waɗanda suka binne gangunan gishiri da zaiba a bayan wurin. 'Yan jaridar Toronto Star da masu sa kai suka je suka haƙa, suka sami ƙasa mai ɗauke da zaiba. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa a cikin lardinka take, ba nisa da garin Kenora, a wurin tafkunan gwaji da ake kira ELA, wanda Ontariyo ke tallafa wa da kuɗi tun bayan da Ottawa ta janye hannu. Daga 2001 zuwa 2007 masana sun riƙa zuba 'yar zaiba mai alama cikin wani ƙaramin tafki mai lamba 658, sannan suka daina, suka zauna suna kallo. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa cikin shekara 8 gubar mai alamar ta ragu da kashi 76 cikin 100 a jikin kifin faik, da kashi 38 a jikin farin kifi. Ma'ana, tafkin arewa yana iya warkewa, cikin shekarun da yaro zai yi kafin ya gama firamare da ƙaramar sakandare, matuƙar an rufe famfon. Wabigoon ya haura shekara 50 bai warke ba. Ba sai mutum ya yi digiri ba zai gane cewa famfonsa ba a rufe yake ba. Da kuɗin harajinmu aka samo wannan ilimi, ranka ya daɗe, kuma tafkin gwajin da kogin duk a yanki ɗaya suke.

Su kuwa mutanen ba su taɓa yin shiru ba. A 1975 likita Masazumi Harada ya taso daga Kumamoto ta Japan, inda ya daɗe yana duba masu cutar Minamata, wato ciwon gubar zaiba, ya zo ya duba mutanen Grassy Narrows da Wabaseemoong, ya ga alamun da ya sani. Ya sake dawowa a 2002 da 2004, kuma bayan rasuwarsa abokan aikinsa sun ci gaba da zuwa. Rahotonsu na 2016 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka gwada na da alamun gubar, har da waɗanda aka haifa bayan an hana zubar. Abin kunya ne ga ƙasa mai jami'o'i irin na Kanada a ce likitocin da suka fi bibiyar waɗannan mutane shekara da shekaru daga wancan gefen teku suke zuwa. Sai daga baya Donna Mergler da abokan aikinta suka ɗauko tsofaffin gwaje-gwajen gashi da gwamnatin tarayya ta tara daga 1970 zuwa 1997, suka nuna a 2020 cewa waɗanda suka fi ɗaukar zaiba sun fi mutuwa kafin su cika shekara 60. A 2023 suka sake nuna alaƙa tsakanin gubar da ta bi zuri'a uku, daga kaka ɗan rakiyar masu kamun kifi zuwa uwa zuwa jika, da damuwa da yunƙurin kashe kai a tsakanin matasan garin. Steve Fobister, tsohon shugaban al'ummar Grassy Narrows, ya yi yajin cin abinci a ƙofar majalisarku a 2014 yana jan jiki da ƙyar. Ya rasu a watan Oktoban 2018, wata huɗu bayan hawanka mulki.

Yarjejeniyar diyya ta 1985 ba ta kai dalar Kanada miliyan 17 ba ga al'ummomin biyu, kuma daga cikinta aka kafa hukumar da ke biyan naƙasassu dala 250 zuwa 800 a wata. Mafi yawan masu nema ba su samu ba. Kuɗin ya zauna yadda yake fiye da shekara 30, tsadar rayuwa na cinsa, sai a 2018 gwamnatinka ta ɗaure shi da hauhawar farashi. Wannan alheri ne, kuma na faɗe shi don kada a ce na ɓoye.

Amsar da hukuma ta fi sabawa da bayarwa ita ce a daina cin kifin. Mai faɗin haka daga Toronto yana da kantin abinci a kowace kwana. Grassy Narrows na da tafiyar fiye da awa guda a mota daga Kenora, mutane da yawa ba su da aikin albashi, kuma kifin da ke bakin ƙofa shi ne naman da ba a saya. Kifi abinci ne mai kyau ƙwarai, kuma inda aka tsorata mutanen arewa suka bar shi, abin da ya maye gurbinsa galibi kayan gwangwani ne da fulawa da sukari, ga ciwon suga na biye. Bayan haka, kamun kifi a wurinsu ba zancen ciki kaɗai ba ne. Da shi uba ke koya wa ɗa ruwa da yare da sunayen wurare. Yarjejeniya ta 3 da aka ƙulla tsakanin kakanninsu da gwamnati a 1873 ta tabbatar musu da haƙƙin farauta da kamun kifi a ƙasarsu. Wane amfani haƙƙin kama kifin da ba a iya ci yake da shi? Ni da na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, a cikin kalmomin da aka ba ni in maimaita akwai amincewa da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasa da na yarjejeniyoyinsu. Tunda an sa ni na rantse, ina ganin ina da bakin tambaya.

Na san wata amsar da mashawarta za su iya kawo maka: ai zaiba a iska take yawo, daga ko'ina take zuwa, har tafkunan da ba su taɓa ganin masana'anta ba suna da ita. Gaskiya ne. Tururin zaiba na iya yin watanni, har shekara, a sama, ya kewaya duniya kafin ya sauka da ruwan sama ko dusar ƙanƙara. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna ɗan Adam ya saki kimanin tan 2,220 cikin iska a 2015, kashi 21 cikin 100 daga ƙona kwal, kashi 38 kuma daga ƙananan masu haƙar zinariya. Wannan kaso na biyu ya shafe mu. A Zamfara da Neja, da Jamhuriyar Nijar, da Ghana da Sudan, yaranmu na cuɗa garin dutse da zaiba da hannu, su ƙona dunƙulen a buɗaɗɗen wuri, su shaƙi hayaƙin su da matan da ke sayar musu da abinci. Abin da bai shiga huhunsu ba ya tashi sama, kuma wani ɓangarensa kan sauka a tafkunan da mai ƙonawar bai taɓa jin sunansu ba. Yarjejeniyar Minamata ta duniya kan zaiba da ta fara aiki a watan Agustan 2017 ta ɗora wa gwamnatocinmu na gida nauyin rage wannan, kuma wasiƙarsu daban ce, za ta same su. Ontariyo ma ta yi abin a yaba da ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a 2014. Amma zaibar Wabigoon ba daga sama ta faɗo ba. An san ranar da aka fara zuba ta, an san bututun, an san nauyinta. Kada a fake da ta iska a bar ta laka.

Akwai darasi guda da muka koya a gida da tsada, ina ganin zai yi maka amfani. A 2010 gubar dalma, ba zaiba ba, ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF da suka zo ceto sun tsaya a kan magana ɗaya: ba amfanin ba yaro maganin fitar da guba idan zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta ba shi gubar. Sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa tukuna. A Bagega an yi ta jiran kuɗi har 2013, yara na jira, amma da kuɗin ya fito cikin watanni aka gama kwashe ƙasar, aka fara magani. Na kawo wannan ne saboda gidan jinyar masu gubar zaiba da gwamnatin tarayya ta yi wa Grassy Narrows alkawari a 2017, aka sa hannu a 2020, aka kuma fara haƙa harsashinsa a watan Maris na 2025. Suna buƙatarsa, sun kuma yi gwagwarmaya kafin su same shi, don tsofaffi su daina mutuwa a asibitocin nesa da danginsu. Amma metilmakuri na da taurin kai, domin ɓarnar da ta yi wa jijiya ba ta gyaruwa. Idan aka gina gidan jinya aka bar kogin yadda yake, an tanadi gadaje ne wa yaran da yanzu suke makaranta.

A watan Yunin 2017 gwamnatin da ta gabace ka ta ware dala miliyan 85 don gyaran kogin, aka kafa doka, aka zuba kuɗin a asusun amana, aka naɗa kwamiti mai wakilan al'ummomin. Shekara 7 bayan haka, ranar da Grassy Narrows ta shigar da Ontariyo da Kanada ƙara a babbar kotun lardi a Yunin 2024, aikin tsaftacewa bai fara ba, ana kan awo da nazari. Ban raina nazari ba. Tona laka ba tare da lissafi ba na iya tayar da gubar da ke kwance ya ƙara dagula lamarin, kuma masanan al'ummar da kansu sun san haka. Sai dai maganar salfet ba ta jiran wannan nazari. Ba a cikin kogi za a yi aikin ba, a bakin bututu ne. Kuma ba kira nake a rufe masana'antar ba. Dryden gari ne da bai kai mutum 8,000 ba, iyalai da yawa da ita suke ci, ba kuma su suka zuba gubar 1962 ba. Abin da ake nema shi ne a sa iyakar salfet a cikin takardar izini, a ba da wa'adi, in kuɗin na'urorin tacewa ya fi ƙarfin masu wurin a zauna a raba nauyin. Lardin da ke iya samo biliyoyi don jawo kamfanonin batirin mota ba zai ce wannan ya gagare shi ba.

Kuma nauyin naku ne a shari'ance. A 2014 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a shari'ar da mutanen Grassy Narrows suka kai kan sare daji, ta ce Ontariyo ce ke da ikon ɗaukar filaye a ƙasar Yarjejeniya ta 3, ba sai ta nemi amincewar Ottawa ba. Lardi ya yi nasara. Amma a cikin hukuncin kotun ta ce wanda ya ɗauki ikon ya ɗauki wajibin da ke tare da shi, na tuntuɓa da kiyaye haƙƙin masu ƙasa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun Disamban 2002 matasa da matan garin suka tare hanyar motocin katako, kuma dalilinsu na da tushe a kimiyya, domin sare daji ƙarƙaf na sa zaibar da ke cikin ƙasa ta kwaranya zuwa tafkuna. Yanzu kuma dubban takardun neman ma'adinai aka yi wa rajista ta intanet a kan ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba. A watan Satumban 2023 shugabanninsu da na wasu al'ummomin arewa sun kafa teburi a gaban majalisarku a Queen's Park, suka ajiye maka kujera. Ba ka zo ba, aka ce su gana da minista. A al'adarmu idan dattawa suka yi tafiyar fiye da kilomita dubu suka zo ƙofar gidanka, ko ba ka da abin ba su, kakan fito.

Abu na ƙarshe da ke damuna ya wuce Wabigoon. Ka taɓa cewa in ta kama, kai da kanka za ka hau buldoza ka buɗe hanyar zuwa ma'adinan yankin Ring of Fire da ke can arewacin lardi. Wannan yanki a cikin fadamun gaɓar Hudson Bay yake, ɗaya daga cikin mafiya girman irinsu a duniya, kuma irin wannan ƙasa rumbun zaiba ce da ta sauko daga sama tun kafin a yi masana'antu. Wani binciken masanan Amurka na 2018 ya ƙiyasta cewa ƙasar yankunan arewa masu daskarewa na riƙe da kusan ninki biyu na zaibar da ke cikin sauran ƙasar duniya da teku da iska a haɗe. Ɗumamar yanayi ta riga ta fara narkar da ita. Idan aka zo aka janye ruwan fadama, ko aka datse shi ya malale daji, ko aka saki salfet daga duwatsun da aka fasa, bakteriyar nan dai za su samu abinci. 'Yan ƙabilar Cree na lardin Kebek sun gani bayan dam-dam ɗin kogin La Grande, inda gubar kifi ta ninka ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta sauka. A mahaƙar lu'ulu'u ta Victor da ke kusa da Attawapiskat, kamfanin De Beers ya amsa laifi a 2021 na rashin miƙa wa lardi wasu bayanan awon zaiba. Mutanen da ke ƙasan waɗannan koguna suna kallon yadda aka yi da Grassy Narrows, kuma da shi suke auna duk alkawarin da za ka yi musu. In kana son su yarda da hanyarka, Wabigoon ne wurin da za ka fara nuna musu hali.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona a bayyane yake. Ka umarci ministan muhallinka ya sake duba izinin zubar da ruwa na masana'antar Dryden, ya sa iyakar salfet da ragowar itace, ya kuma faɗa wa jama'a ranar da iyakar za ta fara aiki. A tone duk inda ake zargin an binne ganguna, a buga sakamakon kowa ya gani, da masanan da al'ummar ta zaɓa a wurin. A dakatar da rajistar ma'adinai a ƙasar Grassy Narrows har sai sun amince. Kwamitin gyaran kogi ya fito da jadawali mai shekara da wata, in miliyan 85 ba za ta isa ba a faɗa tun yanzu a ƙaro. Sannan ka je garin da kanka. Akwai jirgi zuwa arewa maso yamma, daga Kenora kuma mota na kaiwa har ƙofar ofishin al'ummar.

Ina jiran amsarka a fili, kamar yadda na rubuto a fili.

Wassalam,
Wani Bahaushe mazaunin Ontariyo